Ciyawar da ta Kunyata Hukuma Sau Biyu

Mai karatu, ka taɓa jin an tsayar da babbar gasa ana tsakiyar wasa, duniya tana kallo a talabijin, don kawai a ba ciyawa ruwa? To, an yi. Ranar Lahadi 20 ga Yuni, 2004, a filin golf na Shinnecock Hills da ke tsibirin Long Island a jihar New York ta Amurka, alƙalai suka ce kowa ya dakata. Ma'aikata suka jawo tiyo suka shiga fesa ruwa, 'yan wasa suna tsaye da sandunansu suna jira. Hukumar da ta shirya gasar ta sha kunya, ta ci alwashin ba za a kuma ba. Ta ƙera na'urori, ta sayo wasu, ta yi shekara 14 tana tara alƙaluma, sannan ta koma filin nan da ƙafarta. Me kake tsammani ya faru?

Kada mu yi gaggawa. Sai ka san wasan kafin ka ji daɗin labarin. A golf, mutum yana bugun 'yar ƙaramar ƙwallo da sanda daga nesa har ya jefa ta rami. Ramuka 18 ne a fili, kuma wanda ya zagaye su da bugu mafi ƙaranci shi ne gwani. Kowane rami yana da ƙa'idarsa, wato yawan bugun da ake sa ran ƙwararre zai yi: uku, huɗu ko biyar. Kewaye da kowane rami akwai farfajiya ta lallausar ciyawa, wadda ake aske wa kai kullum har tsawonta ya koma wajen milimita 3. A nan ba a ɗaga ƙwallo sama, tura ta ake yi ta mirgina a ƙasa. A nan kuma ake cin gasa, a nan ake zubar da ita.

In ciyawa ta yi tsawo, ƙasa ta jiƙe, ƙwallo takan yi nauyin tafiya. In aka aske ta ƙwal, aka bi ta da injin daɓe, aka rage mata ruwa, sai ƙwallo ta riƙa sulɓi. Masu wasan sai su ce farfajiya ta yi gudu. Kowa yana son gudu, domin a nan ake gane mai sanyin hannu. To amma gudu nawa ne ya isa? Kuma wa zai auna?

A 1935 babu mai amsar wannan tambaya. A shekarar aka yi gasar US Open, babbar gasar golf ta Amurka, a filin Oakmont kusa da birnin Pittsburgh. Farfajiyoyin wurin sun yi santsin da wanda ya ci gasar ma, Sam Parks, sai da ya yi bugu 299, wato ya haura ƙa'ida da 11. A cikin gasar ne Gene Sarazen, wanda bai daɗe da cin gasar Masters ba, ya tura ƙwallo wajen rami, ta wuce ramin, ta yi ta tafiya har ta fice daga farfajiyar gaba ɗaya. Da kai ne wannan ya faru a gabanka, mai karatu, me za ka yi? Na san ka: tsaki za ka ja, ka ce yau gwani ya sha ƙasa, ka kama gabanka. Amma akwai wanda abin ya tsaya masa a rai.

Sunansa Edward Stimpson, tsohon kyaftin ɗin 'yan golf na jami'ar Harvard, kuma zakaran 'yan sa-kai na jihar Massachusetts a wannan shekara. Shi a ganinsa Sarazen ba shi da laifi, farfajiyar ce ta wuce kima. Sai dai ta yaya zai tabbatar? In ya ce ta yi gudu, wani zai ce ba ta yi ba, magana ta zama musu. Sai ya samo katako miƙaƙƙe, ya fafe kwari a tsakiyarsa, ya yi ɗan gurbin da ƙwallo za ta zauna kusa da ƙarshensa. A kafa baki ɗaya a ƙasa, a riƙa ɗaga ɗaya bakin a hankali, har ƙwallo ta kuɓuce da kanta ta gangaro. Tun da kullum daga tsayi ɗaya take kuɓucewa, da ƙarfi ɗaya take sauka. Abin da ya rage kawai a auna ƙafa nawa ta yi kafin ta tsaya. Musu ya ƙare ke nan, ko?

Ina fa! Hukumar golf ta Amurka, USGA, sai da ta yi wajen shekara 40 ba ta ɗauki sandar ba. A 1976 ne wani injiniyanta, Frank Thomas, ya sake ƙera ta da alminiyam, tsawonta inci 36, ƙwallo tana sakin gurbinta in an ɗaga sandar wajen digiri 20. Aka gwada ta a gasar US Open ta shekarar a Atlanta, sannan a 1978 aka fara ba masu kula da filaye, da sunan Stimpmeter. Ƙa'idar awon mai sauƙi ce. A nemi wuri mai shimfiɗa, a saki ƙwallo uku ta nan, a juya a saki uku ta can, a fitar da matsakaici. Da jami'an hukumar suka zagaya Amurka suka auna farfajiya fiye da 1,500, sai suka tarar matsakaicin gudunsu ƙafa 6 da rabi ne. Oakmont mai ban tsoro ma ba ta cika ƙafa 10 ba. Riƙe wannan adadi, za ka buƙace shi.

Manufar sandar ita ce adalci: farfajiya ta farko ta yi daidai da ta goma sha takwas, kada a yaudari ɗan wasa. Hukumar har gargaɗi ta yi cewa ba don a gwada wannan fili da wancan aka yi ta ba. Amma ka san halin ɗan Adam da lamba. Da zarar 'yan wani kulob suka ji na maƙwabtansu ya kai ƙafa 9, sai su tasa mai kula da filinsu a gaba: mu me ya hana mu 10? Aka yi ta sauke reza, aka yi ta daɓe, aka yi ta rage ruwa da taki. Yau a gasar US Open, ƙafa 12 zuwa 14 ake magana. Har ta kai a 2013 aka fitar da sabuwar sanda mai gurbi na biyu a tsakiya, mai sakin ƙwallo ta yi rabin tafiya, saboda a farfajiyoyi da yawa babu shimfiɗaɗɗen wurin da ya isa a yi cikakken awo. Sandar da aka ƙera don a tsawata wa gudu, ita ta zama bulalar kora shi.

Yanzu ga inda gizo yake saƙa. Tsofaffin filaye an gina farfajiyoyinsu da tudu da gangare masu yawa, domin a zamanin ciyawa tana riƙe ƙwallo. Ka ɗora ƙwai a kan tire mai shimfiɗe da tawul, ka ɗan karkata shi, zai zauna. Zare tawul ɗin ka sake karkatawa daidai yadda ka yi ɗazu. Haka abin yake: gangaren da ƙwallo take tsayawa a kansa a gudun ƙafa 7, a gudun ƙafa 13 ba za ta tsaya ba ko mala'ika ne ya tura ta. Duk sa'ad da gudu ya ƙaru, wuraren da za a iya haƙa rami cikin adalci raguwa suke yi. Filin Shinnecock kuwa, yadda yake a yau, tun 1931 William Flynn ya zana shi.

Shinnecock ba ƙaramin wuri ba ne. An kafa kulob ɗin a 1891, yana cikin biyar ɗin da suka haɗu suka kafa USGA kanta a 1894. Ƙasarsa yashi ce, ba ta riƙe ruwa. Yana tsakanin wata gaɓar ruwa da Tekun Atilantika, iska tana kaɗa shi ta kowace kusurwa. Yawancin ciyawar farfajiyoyinsa irin da ake kira Poa annua ce, mai gajeriyar saiwa, wadda ba ta jure ƙishi. Yashi, iska, gajeriyar saiwa, tsohon gangare. In an ba ka wannan fili aka ce ka hana shi ruwa, za ka yarda?

A gasar US Open ta 2004, kwana biyu na farko iska ta yi lif, ƙasa da laushi. 'Yan wasa suka samu yadda suke so. Phil Mickelson da Shigeki Maruyama na Japan suka shiga gaba da bugu 6 ƙasa da ƙa'ida. Wannan kuwa USGA ba ta son gani, domin tinƙahonta shi ne gasarta ta fi kowace tsanani, wanda ya yi daidai da ƙa'ida ma ya yi abin a yaba. Sai aka ƙuntata wa filin ruwa, a ga ƙarshen gwaninta. Ba a shawarci iska ba.

Daren Asabar busasshiyar iska ta kwana tana kaɗawa. Gari ya waye, ciyawa ta canja launi. Rami na 7 gajere ne, yadi 189, ƙa'idarsa bugu uku, amma farfajiyarsa ta karkata ne tana gudun mai bugu. Hukumar ma ta ce an bi ta da injin daɓe bisa kuskure, alhali an ce a bari. Rukunin farko na ranar Lahadi, Kevin Stadler da J.J. Henry, suka iso. Stadler ya tsaya a kan ɗan taƙin da bai wuce ƙafa 2 ba, ya taɓa ƙwallo a hankali. Ta goce wa ramin, ta ci gaba, ta ƙara gudu, ba ta tsaya ba sai cikin kwarin yashi. Shi da Henry kowa bugu 6 ya yi. Cikin mutum huɗu na farko da suka taka wurin, uku haka suka kwashe. Saura fiye da mutum sittin suna tafe.

Tsaya a takalmin jami'in da ke wurin, mai karatu. In ka bar wasa ya ci gaba, gasar ƙasa ta zama abin dariya. In ka sa ruwa, ka zalunci huɗun da suka riga suka wuce a busasshiyar ƙasa, kuma ka amsa a gaban kyamara cewa fili ya kuɓuce maka. Wanne za ka ɗauka? Su dai tiyo suka ɗauka. Aka dakatar da wasa, aka fesa, aka ci gaba da yayyafi tsakanin rukuni da rukuni. Wani ya iso ƙasa da ɗan danshi, wani ya iso ta sake bushewa. Sa'a ta shigo inda aka ce gwaninta kaɗai ake aunawa.

Alƙaluman ranar sun isa shaida. Cikin 'yan wasa 66, babu ko ɗaya da ya yi ƙasa da ƙa'idar bugu 70. Mutum 28 sun yi 80 ko fiye, har da Ernie Els, wanda ya ci wannan gasa sau biyu. Matsakaicin bugu ya kai 78.7. A cikin wannan wuta mutum ɗaya ne bai ƙone ba: Retief Goosen na Afirka ta Kudu, wanda tsawa ta taɓa faɗa wa yana yaro a filin golf ya rayu. A farfajiya 11 cikin 18, turi ɗaya tak ya yi ƙwallo ta faɗa. Mickelson kuwa, da mutanen New York suke ta yi wa kirari, ya shiga gaba saura rami biyu. A na 17 ya tsaya ƙafa 5 daga rami, sai da ya yi turi uku. Goosen ya ɗauki kofi da ratar bugu biyu. Ka lura da sunan Mickelson, bai gama da wannan fili ba.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. USGA ta duba ta ga cewa a 2004 abin da take da shi bai wuce sandar Stimpson da ido da tafin ƙafa ba. Tana auna gudu, amma ba ta auna taurin ƙasa, ba ta auna ruwan da ke cikinta. Sai wani injiniyanta, Matt Pringle, ya ƙera na'urar TruFirm, wadda aka fara aiki da ita a gasar 2005. Guduma ce mai baki irin na ƙwallon golf, a sake ta daga tsayi ɗaya ta daki ƙasa, na'ura ta faɗi zurfin da ta lotsa. Lotsawa kaɗan, ƙasa ta yi tauri, ƙwallon da ta sauko daga sama za ta yi tsalle ta wuce. Taurin da da ake ji a ƙafa, yanzu ya koma lamba a takarda.

Sai kuma ma'aunin danshi. Sanda ce mai tsinken ƙarfe biyu a ƙasa. A soka ta cikin farfajiya, ta aika siginar lantarki ta bi tsinkayen ta dawo. Ruwa yana rage wa siginar sauri, don haka daga lokacin da ta ɗauka ake gane kashi nawa cikin ɗari na ƙasar ruwa ne. Ma'aikaci zai bi farfajiya yana soka ta wuri-wuri, a tudu da kwari, gaba da baya. Daga nan a san inda ke jin ƙishi, a kai masa tiyo shi kaɗai, a bar inda ya ƙoshi. Wannan na'ura ta yi wa filaye da yawa rana, domin ta rage ɓarnar ruwa, ta rage cututtukan da yawan jiƙa yake jawo wa ciyawa. Aka haɗa da masana yanayi da ke zaune a filin, suna faɗin ƙarfin iska da laimar sararin sama sa'a bayan sa'a. In aka gwama awon safe da na yamma, sai a san ruwan da rana da iska suka kwashe, a mayar da shi daidai. Da me kuma fili zai ba su mamaki?

Da 2018 ta gabato, shugaban hukumar, Mike Davis, ya fito ya amsa cewa an yi kuskure a 2004, ya lissafa kayan aikin da suke da su yanzu, ya ba da tabbacin abin ba zai maimaitu ba. Amma akwai abubuwa biyu da ya kamata ka sani. Na farko, a shekarun da suka shige kulob ɗin ya sare itatuwa masu yawa don filin ya koma kamanninsa na da, wato iska ta ƙara samun hanya. Na biyu, a gasar 2017 a filin Erin Hills, Brooks Koepka ya ci da bugu 16 ƙasa da ƙa'ida, aka yi ta cewa US Open ta yi laushi. Hukumar ta iso Shinnecock da tsoro biyu a ƙirji: kada fili ya kuɓuce, kada kuma a ce ta yi sanyi. Mai tsoro biyu, a bakin gaɓa yake tafiya.

Ranar Alhamis iska ta kaɗa, manya suka sha wuya, Rory McIlroy ya yi 80, Tiger Woods 78, amma fili bai fita hayyacinsa ba. Juma'a aka ɗan yi yayyafi. Dustin Johnson, na ɗaya a duniya a lokacin, ya shiga gaba da ratar bugu 4. Asabar 16 ga Yuni, tun kafin gari ya waye ma'aikata suka aske, suka daɓe, suka soka tsinke, suka saki guduma, suka gangara ƙwallo. Lambobi suka fito yadda ake so. Jami'ai suka zaɓi inda za a haƙa ramukan ranar, wasu a kusa da gangare, musamman na 13 da na 15. Ka sani, rami in an haƙa shi da safe ba a matsar da shi sai an tashi wasa, domin kowa ya buga abu ɗaya. Hukuncin asuba shi zai yi mulki har magariba.

Da safe komai lafiya. A ranar, na baya su ke fara fita, na gaba su fita ƙarshe. Daniel Berger da Tony Finau, waɗanda Johnson ya ba ratar bugu 11, suka fita da wuri, kowannensu ya yi 66, suka koma suka zauna. Sai rana ta take, iska ta tashi fiye da yadda aka yi hasashe, laima ta janye. Ciyawa mai gajeriyar saiwa a kan yashi ta fara yaushi. Farfajiyar da aka auna da safe ba ita ce ke ƙarƙashin ƙafar mutane da la'asar ba. Ƙwallo ta sauka kusa da rami, ta yi kamar za ta tsaya, 'yan kallo su fara tafi, sai ta motsa, ta mirgina, ta sulale ta bar farfajiyar.

Ana cikin haka Mickelson ya iso rami na 13. Ranar ce ya cika shekara 48 da haihuwa, 'yan kallo suna ta yi masa waƙar murna. Mutumin nan sau shida yana zuwa na biyu a US Open, ita kaɗai ta rage masa cikin manyan gasa huɗu. Ya tura ƙwallo, ta wuce rami, ta kama gangare. Ya san inda za ta: can ƙasa, wajen farfajiya. To, mai karatu, ga ka ga ƙwallonka tana tafiya. Dokar wasan nan tun ta kaka da kakanni ita ce a jira ƙwallo ta tsaya. Miliyoyin mutane suna kallonka. Za ka harɗe hannu ka bi ta da ido?

Mickelson sai ya ruga. Dattijon wasa, mai manyan kofuna biyar a lokacin, ya bi ƙwallo da sassarfa, ya sha gabanta, ya doke ta tana cikin tafiya ya mayar da ita wajen rami. Masu sharhi a talabijin suka rasa ta cewa. Abokin wasansa, Andrew Johnston na Ingila, dariya ta ƙwace masa. Alƙalai suka ci shi tarar bugu biyu, ya tashi da 10 a ramin da ƙa'idarsa huɗu, ya gama ranar da 81. Da aka tambaye shi, ya ce da gangan ya yi, ya san dokar, ya ga tarar ta fi masa sauƙi a kan ya yi ta kai da komo. Wasu suka ce a kore shi daga gasar, hukumar ta ce tara ta wadatar. Bayan 'yan kwanaki ya ba da haƙuri, ya ce fushi ne ya ɗebe shi. Kai me ka gani, wayo ko ɓacin rai?

Shi dai ba ya cikin masu neman kofi. Waɗanda ke nema su suka fi shan azaba. Dustin Johnson ya yi 77, ratarsa ta narke. Da rana ta faɗi, mutum huɗu suka yi kunnen doki a sama: Johnson, Koepka, da Berger da Finau, waɗanda suka hau kan teburi suna zaune a inuwa. Zach Johnson, wanda ya ci manyan gasa biyu, ya fito daga fili ya faɗa wa 'yan jarida ƙarara cewa filin ya kuɓuce wa masu shi. Da yamma Mike Davis ya zauna gaban kyamara ya amsa: iska ta fi yadda suka zata, an hukunta bugu masu kyau, abin ya wuce inda suke so. Fili ɗaya, hukuma ɗaya, kunya ta biyu. Garin neman ƙiba an samo rama.

Saura abin da ya fi ba ni mamaki. A daren suka buɗe ruwa, suka rage gudu, suka haƙa ramukan Lahadi a wurare masu sauƙi. Rickie Fowler, wanda ya yi 84 ranar Asabar, ya yi 65. Mutum ɗaya, sanduna ɗaya, fili ɗaya, bambancin bugu 19 a kwana guda. Tommy Fleetwood na Ingila ya tashi daga 78 ya yi 63, daidai da mafi ƙarancin bugun da aka taɓa yi a zagaye ɗaya a tarihin gasar har zuwa lokacin. Koepka ya riƙe kansa ya yi 68, ya ci da jimillar 281, ya tsere wa Fleetwood da bugu ɗaya, ya zama na farko da ya ci gasar sau biyu a jere tun Curtis Strange a 1989. Mickelson ma da ya dawo rami na 13 ya yi daidai da ƙa'ida, sai ya ɗaga hannu sama kamar wanda ya ci kofi. Wa ya yi duk wannan sauyi? Ruwan tiyo da inda aka haƙa rami.

To ina laifin yake? Tsinken danshi bai yi ƙarya ba, guduma ba ta yi ƙarya ba, sandar Stimpson ma gaskiya ta faɗa. Kowannensu ya ba da labarin ƙasa a sa'ar da aka tambaye shi. Abin da zai faru da ƙarfe uku na rana kuwa hasashe ne, hasashe kuma yana da ranar kuskure. Wanda ba shi da ma'auni yakan ji tsoro, ya tsaya nesa da gaɓa. Wanda ya samu ma'auni sai zuciyarsa ta ce masa ai yanzu ya san inda gaɓar take daidai, ya matsa har yatsunsa su leƙa. Jami'an 2018 sun shirya fili wanda zai yi daidai in iska ta bi alƙawari, ba su bar wa saɓaninsa ko taku ɗaya ba. Ma'aikatan da ke tashi cikin dare suna jan tiyo sun yi abin da aka ce su yi. Masu cewa a yi ɗin su ne ke tsoron a kira gasarsu mai sauƙi.

Daga shekarar da ta biyo, Davis ya miƙa aikin tsara filin gasa ga John Bodenhamer. Na'urori kuma ba su daina zuwa ba. A 2023 hukumar ta fitar da GS3, ƙwallo mai na'urori a cikinta, wadda in aka gangara ta take tattara bayanai fiye da 15,000 kan gudu da santsi da tauri, ta aika su wayar mai kula da fili ta manhajar Deacon, wadda aka sa wa sunan mahaifin shahararren ɗan golf Arnold Palmer, shi ma mai kula da fili ne. Kuma USGA ta sake ba Shinnecock gasar 2026, yashin nan, iskar nan, gangaren nan na 1931.

Saboda haka, mai karatu, duk inda ka ji shugabanni suna cewa wannan karon ba za a samu matsala ba domin sun sayi na'ura, kada ka tsaya tambayar kuɗinta ko ƙasar da aka ƙera ta. Ka tambaye su abu ɗaya: in hasashenku ya saɓa, wace rara kuka bari? In suka yi shiru, ka shirya ganin tiyo.